ƊAN BABUR MAI KAMA DA VESPA: Uwargida, kin san wasan da yaronki ke bugawa kuwa?

A wannan wata ina so mu tattauna a kan wani ɗan ƙaramin babur wanda ba ya shan mai, ba ya taka titin garinmu, amma kuma ya shiga ɗakunan yaranmu da yawa ba tare da ya yi sallama ba. Ni kaina sai da ya yi makonni a gidana kafin na san ko shi wane ne.

Abin ya faru ne a lokacin dogon hutu. Na fito daga kicin na tarar da yaron wajena, ɗan shekara 11, ya duƙufa a kan tsohuwar wayata da na bar masa, shiru kamar ruwa ya ci shi. Na leƙa, sai na ga wani mutum a kan ɗan babur mai akwati a baya, yana tafe a gefen teku, ga itatuwan kwakwa, ga rana tana shirin faɗuwa. Na ce, "Kai kuma me ake yi?" Ya ce, "Umma, aikin kai abinci nake yi, ana biya na." Wallahi har murmushi na yi, domin babur ɗin sak Vespar da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yake hawa zuwa wurin aiki muna ƙanana. A zuciyata na ce to madalla, gara wannan da yawon banza, ga shi har yana koya wa yaro neman na kai.

Bayan kamar mako uku ƙanena ya zo gaishe mu. Yana ganin fuskar wayar ya dube ni ya ce, "Yaya, kin san wasan nan kuwa?" Na ce wasan ɗan Vespa ne mana. Sai ya karɓi wayar ya ce in zauna in ba shi minti goma kacal. Abin da na gani a cikin minti goman nan shi ya sa na ɗauki biro.

ASALIN BABUR ƊIN

Sunan babur ɗin a cikin wasan Faggio. An kwaikwayi surarsa ne daga Vespa, wadda kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fara ƙerawa a 1946, jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mutanen ƙasar ke cikin talauci suna neman abin hawa mai araha. Wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama ne. Ya rufe injin domin kada mai ya ɓata tufafi, ya sa garkuwa a gaba saboda taɓo da ƙura, sannan ya bar tsakiya a buɗe yadda mace mai dogayen kaya za ta hau ba tare da ta ɗaga ƙafa ta tsallaka ba. Kalmar Vespa kuwa da Italiyanci tana nufin zanzaro. Mu ma nan Arewa mun san ta farin sani, domin a da ita ce abin hawan malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa masu rufin asiri. Shi ya sa duk wadda ta tashi a wancan zamani, in ta gan ta sai ta ji ta ga abin mutunci.

Masu wasan sun san da haka sarai. A duniyarsu ta manyan motoci da tankokin yaƙi da jirage masu saukar ungulu, Faggio na cikin abubuwan hawa mafiya rashin gudu, kuma an ajiye shi ne domin ban dariya, wato a ga ƙaton ɗan daba a kan abin hawan salihan bayi. Ko sunan ma da biyu aka sa shi: an murɗa Piaggio ne ya koma kama da wata kalmar zagi ta Turanci wadda ba ta dace da wannan shafi ba. Yaro yana ta maimaita sunan, bai san abin da ke ciki ba, uwa ma ba ta sani ba.

GARIN DA BABUR ƊIN KE YAWO

Wasan da Faggio ke ciki shi ne Grand Theft Auto, wanda yara ke kira GTA. Ma'anar sunan ita ce babbar satar mota, kuma haka ake kiran laifin a dokokin wasu jihohin Amurka. Kin ga ke nan tun daga suna ba a ɓoye wa kowa komai ba, mu ne dai ba mu tambaya ba. An fara fitar da shi a 1997 daga wani kamfani a garin Dundee na Sikotlan, kuma yau kamfanin Rockstar Games ne ke da shi. Kashi-kashi ne. Wanda yarona ke bugawa, Vice City, ya fito a 2002, kuma a cikinsa Faggio ya fara bayyana. San Andreas ya biyo baya a 2004, GTA IV a 2008, sai GTA V a 2013, kuma duk akwai ɗan babur ɗin a cikinsu. GTA V ya tara dala biliyan 1 a cikin kwana uku da fitowarsa, kuma zuwa 2024 an sayar da sama da kwafi miliyan 200. Don haka ba ƙaramin abu ne muke magana a kai ba, yana cikin wasannin da aka fi bugawa a faɗin duniya.

Abin da ya bambanta shi da wasannin da muka saba gani shi ne, ba a ɗora yaro a kan hanya ɗaya. Gari guda aka gina, da tituna da shaguna da asibiti da ofishin 'yan sanda da mutane suna kai da kawo, aka ce wa mai wasa shiga ka yi abin da ka ga dama. Garin Vice City an kwaikwaye shi ne daga Miami ta shekarar 1986. Mutumin da na gani a kan babur kuwa, sunansa Tommy Vercetti, kuma bisa labarin wasan ya fito ne daga kurkuku bayan shekara 15. Labarin ma yana buɗewa ne da cinikin hodar ibilis da ya rikiɗe ya koma harbe-harbe, kuma aikin mai wasa shi ne ya taimaka wa Tommy ya zama uban 'yan daban garin baki ɗaya. Wannan ne ɗan aiken da nake yi wa fatan albarka a zuciyata.

MINTI GOMA DA ƘANENA

Abu na farko da ya nuna mini shi ne yadda ake samun abin hawa. Ba saya ake yi ba, ba kuma aro ba. Ya matsa kusa da wani mai babur a bakin titi, ya danna wuri ɗaya, sai ga Tommy ya fizgo mutumin ya yar a ƙasa ya haye ya tafi. Haka ake yi wa mai mota, mace ko namiji, tsoho ko yaro matashi. Wannan danna ɗaya ita ce ƙashin bayan wasan, kuma yaro zai yi ta sau ɗaruruwa kafin ya kai ƙarshe.

Daga nan ya kai ni shagon abincin. Abin da ake kaiwa fiza ce, wato wani faffaɗan burodi na Italiyawa da ake zuba wa tumatur da cuku da nama a gasa. Akwai wani nau'in Faggio mai akwati a baya da ake kira Pizza Boy, shi ake hawa a bi gari ana kai wa masu saye kafin lokaci ya ƙare. To a nan ne jikina ya yi sanyi. Ba a sauka a miƙa abincin hannu da hannu. Ana cikin gudu ne ake waiwayawa gefe a jefa wa mai saye, kuma madannan da ake jefa abincin da su, su ne dai madannan da ake harbin mutane da bindiga daga kan babur ko daga tagar mota. Yaron da ya ƙware a kai abinci, hannunsa ya riga ya ƙware a ɗaya aikin. Sannan in ya kammala matakai goma na aikin, ladan da ake ba shi har da ƙarin ƙarfin jiki daga 100 zuwa 150, wato Tommy zai ƙara jure harsashi in an shiga faɗa. Ashe ko aikin halal ɗin da na yaba, guzuri ne na ɗaya ɓangaren. Haka ma tuƙin tasi da motar asibiti da ta kashe gobara, duk ana yin su a wasan, amma sai ka fara ƙwace motar tukuna.

Abu na uku shi ne hukunci. In mai wasa ya yi laifi, taurari na bayyana a saman allo, daga ɗaya har zuwa shida, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon jami'an da ke binsa. Yaya ake tsira? A shiga garejin fenti a biya kuɗi a sauya wa motar launi, shi ke nan an manta da laifin. In an kama shi, zai fito daga ofishin 'yan sanda an rage masa kuɗi an karɓe makamai. In ma kashe shi aka yi, zai farka a ƙofar asibiti garau. Babu wanda ke zaman makoki, babu marayu, babu uwar da ke kuka. Akwai kuma wuraren rawar tsiraici da matan banza a bakin titi, da zagi irin wanda ba a faɗa a gaban manya. Ƙanena bai nuna mini waɗannan ba saboda kunya, faɗa mini kawai ya yi a taƙaice yana sunkuyar da kai.

MASU SHI MA BA SU CE NA YARA BA NE

A Amurka akwai hukumar da ke tantance wasannin bidiyo, ESRB, wadda aka kafa a 1994. Ta sa wa waɗannan wasanni harafin M, ma'ana sai ɗan shekara 17 zuwa sama. A Turai kuma akwai tsarin PEGI da ya fara aiki a 2003, shi kuma lamba 18 yake sa wa GTA. Wato a ƙasashen da aka ƙirƙiro wasan ma, ba a yarda cewa na ɗan shekara 11 ba ne.

Kuma ko a can ɗin ya sha jawo rigima. A 2003 'yan asalin ƙasar Haiti mazauna Amurka sun yi zanga-zanga a kan kalaman cin zarafinsu da ke cikin Vice City, har kamfanin ya amince ya cire su. A 2005 aka gano wani ɓoyayyen sashe na batsa a cikin San Andreas, wanda ya sa ESRB ta ɗaga matsayinsa zuwa na manya zalla, manyan shaguna suka janye shi daga kantunansu sai da aka fitar da wanda aka gyara. A 2008 kuma aka dakatar da sayar da GTA IV a ƙasar Tailan bayan wani matashi ya kashe direban tasi a Bankok, 'yan sanda suka ce ya shaida musu cewa wasan yake kwaikwaya.

To mu ina matsalarmu take? Gargaɗin nan a jikin kwalin asali yake, ko a shafin da ake sayen wasan. Mu kuwa ta wace hanya yake zuwa mana? A da faifan kwafi ne da ake saya a kasuwa cikin leda, ko a gidan gem na unguwa inda yaro zai biya 'yan canjinsa ya zauna, babu mai tambayar shekarunsa. Yanzu abin ya fi haka sauƙi, domin Vice City ya shigo wayoyin hannu tun 2012, San Andreas kuma a ƙarshen 2013. Aboki ne zai tura wa aboki daga waya zuwa waya, kamar yadda ɗan maƙwabta ya tura wa nawa. Babu kwali, babu lamba 18, babu kowa a tsakani. Mai gadin da ya rage a ƙofa ke ce, uwargida, ke da maigidanki.

MU YI ADALCI

Ba ina cewa duk yaron da ya buga GTA zai zama ɗan fashi ba ne. Miliyoyin mutane sun buga shi suna nan lafiya lau da iyalansu. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar ilimi da za a ɗora aikata ta'addanci a kan wasannin bidiyo, duk da cewa ta tabbatar akwai 'yar alaƙa tsakanin wasannin faɗa da ƙaruwar zafin rai, irin su tsawa da ture-ture. Don haka kada wata ta ga wasan a wayar ɗanta ta ɗora hannu a ka.

Amma mu iyaye Musulmi ma'auninmu bai tsaya a kan ko yaro zai ɗauki makami ba. Muna tambaya ne: me idonsa ke sabawa da shi? Me kunnensa ke ji? Me yake yi wa dariya? Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba mu kaɗai ke tanƙwarawa ba, duk abin da ya zauna da yaro awa uku a rana shi ma malami ne. Da safe malamin Islamiyya ya koya masa cewa dukiyar wani da jininsa haramun ne, da yamma kuma ya zauna a inda ake ba shi maki in ya ƙwace, ake ƙara masa in ya tsere. Yaro ɗan shekara 10 ko 11 bai kai ya ware waɗannan biyun yadda babba zai ware ba. Sai daga baya na tuna cewa a cikin makonnin nan ne na ji yarona ya jefi ƙanwarsa da wata kalmar Turanci, na tambaye shi ma'anarta ya ce bai sani ba. Gaskiya ya faɗa, bai sani ba.

Akwai kuma batun lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, kuma jerin ya fara aiki a 2022. Alamominsa su ne mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin illar, yawanci har na tsawon wata 12. Kaɗan ne ke kai wa wannan matsayi, amma jinkirta salla da kwana a kan waya da faɗuwar sakamakon makaranta, waɗannan mun san su. Wanda ake bugawa ta intanet kuwa, wato GTA Online, ya ƙara da wasu matsalolin: yaro na iya hira da baƙin da bai sani ba daga ko'ina a duniya, ana sayen kuɗin wasa da kuɗin gaske, kuma a 2019 an buɗe gidan caca a cikinsa.

YADDA ZA KI GANE SHI

Ba sai kin iya Turanci ko kin san kan na'ura ba. Ki lura da ɗan taswira a kusurwar ƙasa ta hagun allo, da taurari da adadin kuɗi a kusurwar sama ta dama. Ki saurari sunayen da yara ke ambata: GTA, Vice City, San Andreas, Los Santos, CJ, Tommy. Alamar kamfanin harafin R ce da ɗan tauraro a gindinta. In wasan da kwalinsa ya zo, lambobin PEGI launi gare su: 3 da 7 kore, 12 da 16 ruwan lemo, 18 ja. Akwai kuma ƙananan hotuna, dunƙulen hannu na nufin faɗa, sirinji na nufin ƙwaya, 'ya'yan ludo na nufin caca.

Mafi muhimmanci dai, kada ki yi irin kuskurena na leƙen minti ɗaya. A wasa irin wannan, yaro na jin takunki zai iya sauka daga tankar yaƙi ya hau Vespa, ko ya tsaya a bakin teku yana kallon ruwa. Ki ja kujera ki zauna, ki ce ya nuna miki yadda ake samun mota, yadda ake samun kuɗi, da abin da ake yi a ci wasan. Amsar tambayoyin nan uku ta ishe ki sanin kowane irin wasa ne, ko da ba ki taɓa jin sunansa ba.

ABIN DA MUKA YI A GIDANMU

Da farko zuciya ta ɗebe ni, na so in fasa wayar in haɗa masa da bulala. Ƙanena ne ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Ke fa kika gani kika sa albarka." Na rasa ta cewa, domin gaskiya ce. Da dare na sanar da maigida, muka kira yaron mu biyu. Mahaifinsa ya tambaye shi, in wani ya tare Kawu a hanya ya fizge shi daga babur ɗinsa ya gudu da shi, me za a kira mutumin? Ya yi shiru, can ya ce ɓarawo. Aka ce to me ya sa kake jin daɗin zama shi? Sai hawaye. Shi da kansa ya goge wasan a gabanmu.

Ba mu bar shi hannu rabbana ba, domin in ka karɓe wa yaro abu ba ka musanya masa ba, gidan maƙwabta zai koma. An sa masa wasan ƙwallon ƙafa da na tseren mota wanda babu harbi, aka kafa doka cewa a falo ake bugawa, bayan an yi salla an gama aikin makaranta, kuma waya ba ta kwana a ɗakin yara. Ƙanena ya saita mana Family Link na Google, wanda ke bai wa iyaye damar ƙayyade lokaci da amincewa da abin da za a sauke. Na'urorin PlayStation ma suna da irin wannan makulli na iyaye. Na kuma je na sami maman yaron da ya tura masa, cikin mutunci da raha, sai na tarar ita ma ɗan Vespar ta gani ta kama harkokinta. Yanzu mun zama mu biyu masu sa ido maimakon ɗaya.

'Yar'uwa, amanar 'ya'ya a wuyanmu take, kuma za a tambaye mu a kanta. Iyayenmu sun san abokan da muke wasa da su a ƙofar gida, sun san gidan da kowa ya fito. Abokan wasan 'ya'yanmu yanzu a cikin waya suke, kuma hakkinmu ne mu san sunansu da asalinsu kamar yadda aka san namu. Yau da daddare in an ci abinci, ki ce wa yaronki ya kawo wayar ku buga tare.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa su zama sanyin idaniyarmu duniya da lahira, Ya kuma ba mu ikon sauke nauyin da Ya ɗora mana, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.